Lasin Tuƙin Jirgin Sama: Me Ya Sa Ba Ya Ƙetare Iyaka Tare Da Mai Shi?

A watan Yuni na shekarar 2024 gwamnatin Jihar Zamfara ta ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau. Tun daga lokacin nan zancen jirgi ya shiga bakin yaranmu, daga Gusau zuwa Tsafe, har nan Karakkai ta ƙasar Bunguɗu. A dā in muka tambayi ɗan aji shida abin da yake so ya zama, sai ya ce likita, ko soja, ko fasto. Yanzu kuwa ba a rasa biyu ko uku masu cewa matuƙin jirgin sama. In ka ƙara tambaya, sai su ce ba na gida suke so ba, na Dubai ko na Ingila suke so, inda ake biyan mutum da kuɗin waje.

Ba mu ga laifin wannan buri ba. Ɗan manomi ma yana iya tuƙa jirgi, gama Allah bai keɓe basira ga 'ya'yan masu kuɗi ba. Amma akwai wani abu guda wanda iyaye da yawa ba su sani ba, sai bayan an sayar da gona da shanun huɗa sa'an nan a ji labarinsa. Lasin da aka ba matuƙi a wata ƙasa ba ya ba shi ikon tuƙa jirgin wata ƙasar. Yakan zama dole ya sāke shiga hannun likita, ya sāke zama jarrabawa, ya sāke biyan kuɗi, ko da kuwa ya yi shekara ashirin yana tashi. Wannan shi ake kira sauya lasin, a kansa kuwa muke so mu tattauna a wannan wata.

Jirgi ma yana da ƙasarsa

Ku dubi kusa da wutsiyar kowane jirgi, za ku ga an rubuta waɗansu haruffa. Jirgin da aka yi wa rajista a Nijeriya yana farawa da 5N. Na maƙwabtanmu Nijar 5U ne, na Habasha ET, na Katar A7, na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa A6, na Ingila G, na Amurka kuwa N. Waɗannan haruffa su ne kamar tsagen fuskar jirgi, suna nuna gidan da ya fito.

Tushen maganar yana cikin wata yarjejeniya da ƙasashe 52 suka sa wa hannu a birnin Shikago na Amurka ran 7 ga Disamba 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan aka sami ƙungiyar duniya mai lura da sufurin sama, wadda ake kira ICAO, hedkwatarta tana Montiriyal ta Kanada, ƙasashe 193 suke cikinta. Nijeriya ta shiga a shekarar 1960, bayan samun mulkin kai. Sashe na 32 na yarjejeniyar ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin matuƙan da suke tuƙa jiragen da ke ɗauke da haruffanta: ko dai ita ta ba su lasin, ko kuwa ta sa hannu ta amince da wanda suka zo da shi.

To, ga yadda abin yake a aikace. Matuƙi mai lasin Nijeriya yana iya ɗaukar jirgi mai 5N daga Kano ya sauka Jidda ko Landan, ba mai tare shi. Amma in ya sauka Landan, ga wani jirgi a gefensa, irinsa ɗaya, inji ɗaya, kujeru ɗaya, sai dai an rubuta masa G, ba shi da ikon ɗaukar fasinja a cikinsa. Ba gwanintarsa ake shakka ba. Hukumar Ingila ce ba ta san shi ba, in kuwa wani abu ya faru ita za a tambaya.

Mu masu bi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Sa'ad da ɗan'uwa ya tashi daga ikilisiyar Karakkai ya koma Gusau, fasto yakan rubuta masa wasiƙa, dattawan can su karanta su karɓe shi a teburin Ubangiji. Haka 'yan'uwa na Afisa suka yi wa Afolos sa'ad da ya yi niyyar hayewa zuwa Akaya. Amma ba a ba baƙo bagade ko ma'aji ran da ya iso, sai an zauna da shi an ga halinsa. Hukumomin jirage su ma hanya biyu ɗin nan suke da su. Ta fari ita ce takardar amincewa: hukumar baƙuwar ƙasa ta ce ta yarda mutum ya yi aiki da lasin gidansu na ɗan lokaci. Wannan takarda a jingine take da lasin na asali, in ya mutu ita ma ta mutu, a Turai kuwa shekara ɗaya ake bayarwa. Ta biyu ita ce sauyawa ɗungum, inda za a ba shi sabon lasin na ƙasar mai tsayawa da ƙafarsa. Wanda yake so ya zauna ya yi aiki shekaru, ta biyun ce tasa.

Tsanin yana farawa daga Zariya

Kafin a yi zancen sauya abu, sai an same shi tukuna. Mu 'yan Arewa mun yi sa'a, gama makarantar tana kusa da mu. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya an kafa ta a shekarar 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, daga Gusau kuwa hanya ce miƙaƙƙiya ta Tsafe da Funtuwa. A nan Kyaftin Chinyere Kalu ta yi karatu, mace ta fari a Nijeriya da ta sami lasin tuƙi na haya, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin daga 2011 zuwa 2014. Akwai wata makarantar a Ilori. Hukumar da take ba da lasin kuwa ita ce NCAA, ba makarantar ba. Makaranta koyarwa take yi, hukuma ce mai hatimi.

Lasin hawa uku ne. Na fari na mai tashi don kansa ne, ba ya karɓar ko kwabo, ana samunsa da awa 40 a sama. Na biyu shi ne na haya, wanda ake fara cin abinci da shi: shekara 18 da haihuwa, da awa 200, ko 150 in an bi tsararren kwas na makaranta. Na uku, babbansu, shi ne na kyaftin na manyan jiragen fasinja: shekara 21 da awa 1,500. Ban da waɗannan akwai shaidar iya tuƙi cikin gajimare da hazo, inda mutum ba ya ganin ƙasa sai agogunan da ke gabansa. Sa'an nan kowane babban jirgi yana da tasa shaidar. Wanda ya ƙware da Boeing 737 ba ya taɓa Airbus A320 sai ya koma aji.

Ku lura da ratar da ke tsakanin 200 da 1,500. A cikin wannan rami ne samari da yawa suke maƙalewa. Yaro ya gama Zariya da awa 200, kamfani ya ce sai mai shaidar nau'in jirgi da ƙwarewa, ƙwarewa kuwa ba ta samuwa sai an ɗauke shi. An sha kai kukan wannan a jaridu, ga matuƙa da takardu a hannu suna zaune a gida. A zamanin kamfanin Nigeria Airways gwamnati takan ɗauki samari ta horar da su ta ba su kujera, amma kamfanin ya daina tashi a shekarar 2003. Saboda haka wanda ya ce muku ɗanku zai fito daga makaranta ya zarce Dubai, hangen Dala yake nuna muku, ba shiga birni ba.

Ƙofa uku, kowace da mabuɗinta

Ƙofar Turai ita ce mafi nauyi wajen karatu. Hukumarsu ta haɗin gwiwa, EASA, tana bukatar mai neman babban lasin ya ci takarda 13: dokar sama, ilmin iska da gajimare, neman hanya da taswira, neman hanya da rediyo, tsara tafiya da lissafin mai, awon kaya da daidaita nauyi, ƙirar jirgi da injinsa, har da yadda jikin mutum da hankalinsa suke gajiya, da sauransu. Kowace takarda sai an sami kashi 75 cikin 100. Dole a gama dukansu cikin wata 18, ba a kuwa zama takarda ɗaya fiye da sau huɗu. In aka wuce haka, an koma farko, har waɗanda aka riga aka ci sun zube. Ku yi tunanin magidanci mai shekara arba'in da biyar, wanda ya kai alhazai Saudiyya ya komo da su ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, yana zaune da dare da fensir da littafi kamar ɗan sakandare. Bayan wannan sai likitan da su suka amince da shi ya duba shi, sa'an nan a gwada hannunsa a gaban mai jarrabawarsu.

Kada wani ya ce don mu baƙar fata ne. Da Ingila ta fita daga wannan haɗin gwiwa a ƙarshen shekarar 2020, sai lasin ya rabu gida biyu. Daga 1 ga Janairu 2023 Bafaranshe ko Bajamushe mai lasin Turai ba ya tuƙa jirgi mai G sai ya nemi na Ingila. In maƙwabta na ƙut da ƙut suka yi wa juna haka, ina ga mai zuwa daga Kano?

Ƙofar Amurka takardunta ba su kai haka yawa ba, amma tana da nata ƙayoyin. Da fari hukumarsu, FAA, za ta rubuta wa hukumar Nijeriya ta tambaya ko lasin na gaskiya ne. Sa'an nan jami'an tsaro su binciki baƙon kafin a bar shi ya yi horo. Daga nan sai ya yi wani kwas na awa 30 a aji da awa 10 a cikin na'urar kwaikwayon jirgi, watau wani ɗaki da aka ƙera kamar mazaunin matuƙi, yana motsi yana girgiza, ana iya kashe masa inji ko a tasar masa hadari ba tare da ran kowa ya salwanta ba. Bayan haka jarrabawa a rubuce da ta hannu. Wannan tsananin ya biyo bayan haɗarin wani jirgi kusa da Bafalo a watan Fabrairu 2009, inda mutum 50 suka mutu. Daga shekarar 2013 ko mataimakin kyaftin a kamfanonin fasinja na Amurka sai yana da babban lasin. Amurka da Kanada sun ƙulla yarjejeniya mai sauƙaƙa sauyawa a tsakaninsu, amma tasu ce su biyu.

Ga kuma abin da ya fi jarrabawa wuya: lasin dabam, izinin aiki dabam. Mutum yana iya kashe dukiyarsa ya sami lasin Amurka ko na Turai, ya riƙe shi a hannu, amma ba kamfanin da zai ɗauke shi, domin yawancinsu ba sa nema wa baƙo izinin zama. Sai wanda ya riga ya samu ta wata hanya. Mun ga ya kamata a nanata wannan, gama nan ne kuɗin iyali yake nutsewa ba tare da ƙara ba.

Ƙofa ta uku ita ce ta ƙasashen Larabawa na bakin teku, ita ce kuwa 'yan Afirka suka fi shiga. Kamfanoni kamar Emirates na Dubai, wanda aka kafa a 1985, da Qatar Airways na Doha, jiragensu sun fi 'yan ƙasarsu masu tuƙi yawa, saboda haka suna ɗiba daga ko'ina cikin duniya. A nan abin a juye yake: kamfani ne zai fara ɗaukarka, sa'an nan shi ya nema maka biza, ya kai ka wurin likita, ka rubuta jarrabawar dokar samansu, a gwada ka cikin na'ura, a ba ka lasinsu. Adeola Sowemimo, 'yar asalin Ogbomosho, ta bi wannan hanya. Ta yi horo a Amurka, ta komo gida ta tara awoyi a kan Boeing 737, a shekarar 2018 ta shiga Qatar Airways, ta zama mace ta fari daga Nijeriya da ta tuƙa Boeing 787. Ku lura da tsarin tafiyarta. Sai da ta yi aiki a gida tukuna. Irin waɗannan kamfanoni sukan nemi awa 1,000 ko fiye a kan manyan jirage, sharuɗɗan kuma suna hawa suna sauka bisa ga bukatarsu.

Har wa yau, wanda aka tura shi Afirka ta Kudu ko Amurka koyo, in ya komo shi ma sai ya sauya nasa zuwa na Nijeriya kafin ya hau jirgi mai 5N. Iyaye su sa wannan cikin lissafi tun kafin yaro ya tafi.

Don me ake wannan tsanani?

Waɗannan dokoki da jini aka rubuta su. Ran 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, manyan jirage biyu, ɗaya na Holan ɗaya na Amurka, suka yi karo a ƙasa cikin hazo. Mutum 583 suka hallaka. Cikin dalilan da aka gano akwai rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da mai ba da umarni a hasumiya: wannan yana tsammani an ba shi izinin tashi, wancan yana tsammani yana tsaye yana jira. Ran 12 ga Nuwamba 1996 kuma jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka haɗu a sararin sama kusa da Delhi ta Indiya, mutum 349 suka mutu, da yawansu talakawa ne masu tafiya neman aiki. Jirgin Kazakistan ya sauko ƙasa da inda aka ce ya tsaya, masu bincike kuwa suka ambaci raunin Turancin matuƙansa.

Don haka tun daga watan Maris 2008 ake auna Turancin matuƙan da suke ƙetare iyaka. Mataki shida ne, na huɗu shi ne mafi ƙanƙanta da ake karɓa, mai shi kuwa akan sāke gwada shi bayan shekara uku ko huɗu. Mai na shida ne kaɗai ya huta. Mu malamai mun san inda takalmin yake matsa yaranmu. Bahaushe yakan haɗa harafin p da f, yakan kuma iya nahawu a takarda amma kunnensa bai saba da bakin Ba'indiye ko Balarabe ko Ba'amurke ta cikin rediyo mai shuu ba. A can sama ba a neman dogon Turanci na burga. Ko lambobi ɗaya-ɗaya ake kiransu, sha biyar sai a ce ɗaya, biyar, don kada a ji hamsin. Abin da ake so shi ne ka ji daidai, ka maimaita daidai, in ba ka ji ba ka ce ba ka ji ba. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya ga yaron da aka rena da jin kunyar tambayar babba. Daniyel da abokansa ma sai da suka yi shekara uku suna koyon harshen Kaldiyawa kafin su tsaya a gaban sarki a gwada su.

Sai batun gaskiya. Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta awoyinsa, da hannunsa yake rubutawa, jaraba kuwa tana nan kusa: mutum yana da awa 1,300, ana neman 1,500, ga biro a hannu. A watan Mayu 2020 jirgi ya faɗi a Karaci ta Pakistan. Wata guda bayan haka ministan sufurin saman ƙasar ya gaya wa majalisa cewa matuƙa 262 daga cikin 860 ana shakkar lasinsu. Nan da nan Turai ta hana babban kamfanin ƙasar shiga samanta, ba a ɗage hanin ba sai Nuwamba 2024. 'Yan Pakistan masu aiki a waɗansu ƙasashe, kamar Biyetnam, aka dakatar da su har sai an tantance takardunsu. Daga baya an wanke da yawa daga cikinsu, amma sun riga sun sha wuyar laifin da ba su yi ba. Wake ɗaya ya ɓata gari. Lasin ɗan Nijeriya ma darajarsa a waje tana rataye da amincin hukumar da ta ba shi, da na kowane ɗan'uwansa mai riƙe da irinsa.

Likita kafin dillalin gona

A ganinmu, kuskuren da ya fi ban tausayi shi ne a biya kuɗin makaranta kafin a ga likita. Matuƙin haya yana bukatar takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, wadda likitocin da hukuma ta naɗa ne kaɗai suke bayarwa, ana kuma sabunta ta kowace shekara, ga waɗansu ma kowane wata shida. Ana duba zuciya, da hawan jini, da sukari, da kunne, da ido. Tabarau ba ya hana mutum, amma rashin iya bambanta ja da kore yakan hana, yara maza da yawa kuwa suna da wannan ba su sani ba. Farfaɗiya tana hanawa. A dokar Turai mai ciwon sikila ba ya samun takardar, ko da yake mai ɗauke da ƙwayar kawai ba tare da ciwon ba yana iya samu. Kuɗin wannan gwaji bai kai na sa guda ba. A fara da shi.

Sa'an nan a duba takardar sakandare. Zariya tana neman kiredit biyar, har da Turanci da lissafi da fiziks. Ga shi kuwa a wannan yanki namu rashin tsaro ya cinye karatun yara, har a shekarar 2021 aka rufe makarantun jihar na watanni. Yaron da yake mafarkin jirgi, taimakon da za a fara yi masa shi ne a nema masa malamin lissafi.

Kuɗin sauya lasin kuwa kusan duka da dala ko fam ko yuro ake biya. A watan Mayu 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A watan Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafi da damina ya tashi biya da rani, ya tarar abin ya ninka uku. Gonar gado kuwa in ta fita ta fita, ƙanne biyar ko shida suna baya suna jira. Ba mu ce kada iyali su yi sadaukarwa ba. Amma a zauna da uwar gida da 'yan'uwa, a kira dattijo ɗaya ko biyu na ikilisiya, a rubuta kuɗin dukan hanyar har ƙarshe, ba na zangon fari kaɗai ba. A kuma yi hankali da masu cewa a ba su kuɗi su samo kujera a wani kamfanin waje. Cinikin biri a sama ke nan. Manyan kamfanoni da kansu suke tallar gurabensu, da kansu suke gwada mutum. Ko takardar da kamfani na gaskiya ya kawo a karanta ta da kyau, gama sau da yawa akwai sharaɗin cewa in ka bar aiki kafin shekaru kaza, za ka biya kuɗin horon da aka yi maka.

In an samu fa?

A ce duk an haye, an sami kujera a Doha ko Dubai. Albashi yana da kyau, ba mai musu. Amma zaman mutum a can a ɗaure yake da aikinsa, ba a zama ɗan ƙasa don an daɗe. A shekarar 2020, da annobar korona ta tsai da jirage, aka sallami matuƙa da yawa, waɗansu suka kwashe 'ya'ya daga makaranta a tsakiyar zango suka komo. Wanda ya bar lasinsa na gida ya mutu don yana ganin ya wuce nan, sai ya tarar da sabon aiki a gabansa. Dokar duniya kuma ta tsai da shekara 65 ga masu tuƙa fasinja tsakanin ƙasashe, likita kuwa yana iya tsai da mutum tun yana da 45.

Wajen sujada, ƙasashen ba ɗaya suke ba. A Katar an keɓe wa Kirista unguwa guda a bayan Doha, inda aka buɗe majami'a ta fari a shekarar 2008, yawancin taro kuwa ran Jumma'a ake yi domin ita ce ranar hutu. A Daular Larabawa akwai majami'u a Dubai da Abu Dabi, tun Janairu 2022 kuma hutun gwamnati ya koma Asabar da Lahadi. A Saudiyya ba ginin majami'a. A dukansu wa'azi ga 'yan ƙasa haramun ne a doka. Matuƙi kuwa ba shi da Lahadi, ba shi da Kirsimati, jadawali ne ubangidansa. Yakan kwana a otal shi kaɗai dare goma ko fiye a wata, matarsa tana fama da yara a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa. Saurayin da zai shiga wannan aiki ya gaya wa yarinyar da zai aura gaskiyar abin tun ana zance, iyayenta ma su ji.

Akwai kuma wata kujerar da yaranmu ba su cika jin labarinta ba. Tsofaffinmu suna tunawa da ƙananan jiragen mishan na SIM masu tashi daga Jos, suna sauka a filayen ciyawa da magani da wasiƙu, suna ɗaukar marasa lafiya. Shekaru da yawa irinsu suka yi ta jigila tsakanin Yamai da asibitin Galmi a Nijar. Ƙungiyar MAF, wadda tsofaffin matuƙan yaƙi masu bi suka fara a shekarar 1945, har yanzu tana wannan aiki a ƙasashe da dama na Afirka, matuƙiyarta ta fari, Betty Greene, ta taɓa aiki a Nijeriya. Albashin bai kama ƙafar na Dubai ba, fasinja kuwa wani lokaci mace ce mai naƙuda a kwance a kan tabarma. Su ma ba su tsira daga dokar haruffan wutsiya ba: mai zuwa Kenya ko Chadi ko Uganda sai ya bi ta hannun hukumar da jirgin yake ƙarƙashinta. Waɗansu rassan ƙungiyar ma sukan so mutum ya haɗa tuƙi da takardar gyaran inji, domin inda suke sauka ba makaniki sai shi.